FRA ANJELIKO, MAI ZAYYANAR LITTATTAFAN WAƘAR IBADA

Mu da mu ke zaune a Kurmin Mashi, nan arewa da kogin Kaduna, kunnuwanmu sun saba da rerawa iri biyu. Da asuba da bayan magariba mu kan ji almajirai suna rera karatu a kan allunansu, ran Lahadi da hantsi kuwa sai mu ji maƙwabtanmu Kirista sun ɗauki waƙoƙin ibadarsu. Kowane sashe yana da littafin da ya ke dogara a kansa. Kafin kuwa a ƙago injin ɗab'i, babu littafin da ya taɓa isa hannun mai karatu, ko a ƙasar Hausa ko a Turai, sai da wani ya duƙa ya rubuta shi da hannu, baƙi bayan baƙi, wani kuma ya bi bayansa ya yi masa ado.

Yau za mu kawo muku tarihin ɗaya daga cikin mashahuran masu wannan aiki, mutumin ƙasar Italiya, wanda duniya ta sani da suna Fra Anjeliko. Mun sani addininsa dabam ne da na yawancin masu karatunmu, hanyar zayyanarsa kuma dabam ce da tamu, gama su suna zana siffar mutane da ta mala'iku cikin littattafan ibadarsu, mu kuwa malamanmu ba su yarda da haka ba. Duk da haka akwai abin da ya haɗa mu. Yawancin masu karanta jaridar nan da alƙalami su ke cin abinci, akawuna ne da malaman makaranta. Tarihin mutumin nan kuwa, tun daga farko har ƙarshe, labari ne na amanar rubutu, da waɗanda suka riƙe ta, da waɗanda suka ci ta.

Asalinsa

An haife shi wajen 1395 a kwarin Mujello, arewa maso gabas da birnin Fulorans. Sunan da iyayensa suka raɗa masa Gido, sunan ubansa Piyetro. Don mai karatu ya gane zamanin, bisa ga lissafin Tarihin Kano an haife shi ne Kanajeji yana sarautar Kano, ya rasu zamanin Sarki Yakubu, saura shekara takwas Muhammadu Rumfa ya hau gado cikin 1463.

Yana da ɗan'uwa, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Benedeto. Su biyu suka taso da sana'ar littafi, Benedeto ya zama magwafi, watau mai kwafar rubutu, Gido ya zama mai zane da zayyana.

Mutumin da ya fara rubuta tarihinsa da tsawo shi ne Joji Basari, cikin 1550, shekara 95 bayan mutuwarsa, ya kuma faɗaɗa shi cikin 1568. Daga lissafin Basari ne mutane suka daɗe suna cewa an haife shi cikin 1387, har a ke ɗauka tun wajen 1407 ya shiga ruhubananci. Haka a ke ta maimaitawa shekara da shekaru, sai wajen 1955 da masana suka shiga tonon tsofaffin rajistocin Fulorans. Nan suka tarar wani magatakarda ya rubuta cewa cikin watan Oktoba na 1417 an karɓi Gido ɗan Piyetro, mai zane, cikin wata ƙungiyar ibada ta mutanen gari, wanda ya tsaya masa kuwa wani mai zayyanar littattafai ne, Batista Sangwini. Suka sami shaidar kuɗin da aka biya shi farkon 1418 saboda aikin da ya yi a wata majami'a, har lokacin da sunansa na gida a ke kiransa. Sai cikin 1423, a littafin kuɗin asibitin Santa Mariya Nuwoba, aka fara ganinsa da sabon suna, Fra Jobanni, watau Ɗan'uwa Yohanna. Ashe tsakanin 1418 da 1423 ne ya shiga, yana da sana'arsa a hannu.

Kun ga ke nan, abin da babban marubuci ya kuskure, ƙananan akawuna ne suka gyara shi, su da ba su san wani zai sake buɗe rajistarsu ba bayan shekara ɗari biyar.

Gidan da ya shiga shi ne na San Domeniko a Fiyesole, kan tudu bisa Fulorans, wanda aka kafa cikin 1406. Na ɗariƙar Dominikawa ne, wadda Paparoma ya tabbatar cikin 1216. Mai shiga ya kan ɗauki alkawari uku: ba zai mallaki kome ba, ba zai yi aure ba, zai bi shugabansa. Saboda haka duk abin da Fra Jobanni ya samu da hannunsa tun daga ran nan, baitulmalin gidan ya shiga. Benedeto ma nan ya shiga.

Yadda a ke yin littafin waƙa

Ruhubanawan nan su kan taru sau takwas, dare da rana, su rera addu'o'insu da harshen Latin, har su sauke Zabura duka 150 cikin mako guda. Rerawar ba ganga ba algaita, murya ce zalla, kowa bisa amo ɗaya. A kan danganta ta ga Paparoma Giregori na Farko, wanda ya yi zamani daga 590 zuwa 604. Da fari da ka a ke riƙe ta, mai koyo ya kan yi wajen shekara goma kafin ya haddace. Sai wajen 1030 wani malami, takwaran mutuminmu, Gido na Arezo, ya tsara dabarar ja layuka a shafi a ɗora ɗige-ɗige a kansu, wanda ya hau sama a ɗaga murya, wanda ya sauko a sassauta. Daga nan littafi ya iya ɗaukar amo kamar yadda ya ke ɗaukar magana. Zamanin Fra Jobanni layukan huɗu ne, da jar tawada, ɗige-ɗigen baƙaƙe masu kusurwa huɗu, kalmomin suna ƙarƙashi. Irin wannan rerawa ta Latin ita a ke ji a majami'un Katolika ko'ina, har da na Kaduna, kafin babban taron Batikan ya buɗe ƙofar yin ibada da harsunan gida cikin 1963.

Ba kowa ke riƙe da nasa littafi ba. Guda ɗaya a ke ɗorawa bisa wani dogon teburi a tsakar ɗakin ibada, jama'a su tsaya kewaye suna karantawa daga nesa. Don haka a kan yi shi ƙato, wani tsawon shafinsa ya kai ƙafa biyu, baƙaƙen manya-manya, sai mutum ƙaƙƙarfa ke ɗaukarsa.

A kan fata a ke rubuta shi. Majema su jiƙa fatar maraƙi ko ta tunkiya cikin ruwan farar ƙasa, su kankare gashin, su ɗame ta a jikin katako ta bushe, su yi ta karta da gugarta har ta yi laushi da haske. In littafin babba ne, fata guda warƙa biyu kaɗai ta ke bayarwa. Ke nan littafi mai warƙa 200 ya ci dabba 100. Sa'an nan magwafi ya ja layuka, ya fere alƙalaminsa na gashin tsuntsu, ya rubuta. Tawadarsa daga wasu ƙulle-ƙulle ne da kan fito a jikin wani itacen ƙasarsu, a haɗa da sinadarin ƙarfe da ƙaro, kusan yadda namu malamai kan haɗa bagaruwa da kashin maƙera. Duk inda waƙar wata babbar rana za ta fara, sai ya bar fili, ya miƙa wa mai zayyana.

Mai zayyana ya zana babban harafin farko, wani ya kai tafin hannu, wani ya fi. Ya shafa alli da danƙo inda zinariya za ta zauna, ya ɗora ta ganye-ganye, ya goge da haƙorin kare ko dutse mai santsi har ta yi ƙyalli. Ganyen nan ya fi fatar albasa sirantaka. Wani mai zane na zamanin, Cennino Cennini, ya koka cikin littafinsa na koyar da sana'a cewa maƙera suna fitar da ganye 145 daga tsabar zinariya guda, alhali ɗari ya kamata. Da yawa kuwa daga zinariyar da ke shiga Italiya a lokacin, daga ƙasashenmu na Yamma ta fito, ta ratsa Sahara bisa raƙuma. Shuɗi mafi daraja daga wani dutse a ke niƙa shi, wanda a ke haƙowa a duwatsun Badakshan na ƙasar Afganistan, tsadarsa tana gogayya da ta zinariya. A kwaɓa launi da farin ƙwai ko ƙaro, a shafa da buroshin gashin wutsiyar kurege. Cikin cikin harafin sai a zana labarin ranar da za a rera waƙar.

Adon nan yana da aiki. Mai buɗe littafi da asuba, da hasken kyandir, da ya hango harafin ya san ya iso wurin da a ke nema, kamar yadda alamar hizifi ko ta sujada a gefen shafi ke shiryar da mai tilawa a wurinmu.

Littafi mai lamba 558

A Fulorans gidan da ya fi kowanne suna wajen wannan sana'a shi ne na Santa Mariya deli Anjeli. Basari ya ba da labari cewa saboda girmama aikinsu, mutanen gidan sun adana hannuwan dama na mutum biyu bayan mutuwarsu, na magwafi Don Jakobo da na mai zayyana Don Silbestro. Daga gidan nan Lorenzo Monako ya fito, wanda masana ke ganin alamar hannunsa a ayyukan Fra Jobanni na ƙuruciya. Da Lorenzo ya rasu wajen 1424 ya bar wani babban allon zane na gidan Strozi bai ƙare ba, Fra Jobanni aka ba ya cika shi.

Tsakanin 1424 da 1430 ne Fra Jobanni ya yi zayyanar littafin waƙar gidansu na Fiyesole, wanda yanzu a ke kira da lambarsa, 558. Cikin wani harafi ya zana mala'ika Jibrilu yana yi wa Maryamu bushara, a wani shafi ya zana Dominik, mai kafa ɗariƙarsu. Abin da masana suka lura da shi, a daidai lokacin matasan Fulorans, irin su Masaco, suna gano yadda a ke zana abu a shimfiɗaɗɗen wuri ya fito da zurfi, na kusa ya yi girma, na nesa ya ƙanƙance, haske ya faɗo daga gefe guda. Fra Jobanni ya ɗauki wannan sabon ilmi ya shigar da shi cikin fili wanda bai fi tafin hannu ba, bai kuwa yar da tsabtar launi da natsuwar da ya gada wurin magabata ba. Wannan zamani shi Turawa ke kira na Farfaɗowa.

Mu tuna kuma, littafin nan ba don kasuwa aka yi shi ba, ba kuwa don baƙi su zo kallo ba. 'Yan mutane ne kaɗan na gidan za su gan shi, mai yinsa kuma bai sa sunansa a ko'ina ba. Duk da haka bai rage kome ba.

San Marko

Sunansa ya fita. Cikin 1433 ƙungiyar fataken lilin ta Fulorans ta yi yarjejeniya da shi a kan babban allo, kuɗinsa tsabar zinariya 190. Cikin 1436 aka ba Dominikawan Fiyesole gidan San Marko a cikin birni, ya kuwa lalace. Kosimo Medici, attajirin da ke juya al'amuran Fulorans, ya ɗauki nauyin sake gina shi, Mikelozo ya zama magini. Aka buɗe majami'ar farkon 1443, Paparoma Yujin na Huɗu yana wurin.

Fra Jobanni da almajiransa suka yi zane a bangon ɗakunan kwanan ruhubanawa, ɗaki arba'in da 'yan kai, suna shafa launi tun yaɓe yana ɗanye don ya kama. A yawancin ɗakunan bai sa zinariya ba, bai cika ado ba, don ya san mai ɗakin tunani ya ke bukata. Mutumin da ya iya ƙawa ya kuma san inda ya kamata a bar ta. A cikin 1443 ɗin nan takardun gidan sun nuna an ɗora masa duba lissafin kuɗi, ya riƙe alƙalamin akawu tare da buroshi.

A gidan nan kuma aka gina ɗakin karatu wanda a ke lissafa shi cikin na farko a Turai da aka buɗe wa masu neman ilmi na waje. Wani masani, Nikolo Nikoli, ya rasu cikin 1437 ya bar tarin littattafan hannu da wasiyyar kada a raba su, a bar jama'a su amfana. Kosimo ya biya bashin da ke kansa, aka kawo wajen 400 San Marko cikin 1444, aka ɗaure su da sarƙa a jikin tebura. Wanda ya tsara wa Kosimo jerin littattafan da ya kamata ɗakin karatu ya mallaka, wani malami ne, Tomaso Parentuceli. Ku riƙe sunansa. Sababbin littattafan waƙa na gidan kuwa, Benedeto yana cikin waɗanda suka kwafe su, Zanobi Strozi, wanda ya bi hanyar Fra Jobanni, ya yi musu zayyana tsakanin 1446 da 1454. Benedeto bai ga ƙarshensu ba, ya rasu cikin 1448.

Rum, da sarautar da ya ƙi

Wajen ƙarshen 1445 Paparoma Yujin ya kira shi Rum don ya yi aiki a fadar Batikan. A nan ne labarin da ya fi shahara a kansa ya faru. An ce da kujerar babban limamin Fulorans ta zama ba kowa, Paparoma ya yi masa tayinta. Sai ya roƙi a yafe masa, ya nuna shi bai iya mulkin mutane ba, ya ambaci ɗan'uwansa a ɗariƙa, Antonino, mai ilmi da tausayin talakawa. Basari ya jingina labarin ga Paparoma Nikolas na Biyar, amma a nan ma takardu sun gyara masa, gama sun nuna cikin 1446 aka naɗa Antonino, Yujin yana da rai. Antonino ya riƙe kujerar har mutuwarsa cikin 1459, ya bar suna mai kyau.

Cikin 1447 Yujin ya rasu, wanda ya gaje shi kuwa shi ne Tomaso Parentuceli ɗin nan mai tsara jerin littattafai, ya ɗauki suna Nikolas na Biyar. Shi ya aza harsashin babban ɗakin karatu na Batikan, shi kuma ya sa Fra Jobanni ya zana masa ƙaramin ɗakin ibadarsa, wanda har yanzu yana nan. Da bazarar 1447 ya tafi Orbiyeto tare da almajirinsa Benozo Gozoli, suka yi wata uku suna zane a rufin babbar majami'ar garin, suka gama sashe biyu. Bai sami komawa ba, sai bayan shekara hamsin Luka Sinyoreli ya ƙarasa.

Wajen 1450 'yan'uwansa suka zaɓe shi shugaban gidan Fiyesole. Wannan bai ƙi ba, don wa'adi ne da ɗariƙa ta ɗora masa, ya yi shekara biyu ya sauka. Cikin 1452 mutanen Firato suka neme shi ya zana babbar majami'arsu, bai karɓa ba, aka ba Filipo Lipi.

Basari ya tattara abin da tsofaffin ruhubanawa ke faɗi game da halinsa: ba ya ɗaukar buroshi sai ya yi addu'a, ba a taɓa ganin fushinsa ba, in an nemi aiki wurinsa sai ya ce a fara neman izinin shugabansa. Ko an ƙara gishiri, ayyukansa ba su ƙaryata labarin ba.

Ya koma Rum, ya rasu can ran 18 ga Fabrairu, 1455, aka binne shi a majami'ar Santa Mariya sofra Minerba. Bayan mutuwarsa ne aka laƙaba masa Anjeliko, watau mai kama da mala'ika, laƙabin ya danne sunan. Cikin 1982 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa shi cikin waɗanda Katolika ke kira masu albarka, cikin 1984 ya ba shi matsayin uban masu zane. A shekarar da ya rasu kuwa, can birnin Mainz na Jamus, Gutenbag yana fitar da Baibul na farko da aka buga da inji. Daga nan ranar magwafa ta fara yin yamma, ko da ya ke manyan littattafan waƙa sun daɗe a ke yinsu da hannu saboda girmansu.

Zamanin almakashi

Fata tana da ƙarko. Littattafan nan sun yi shekara ɗari uku da wani abu ana buɗe su kullum, ba su gaji ba. Abin da ya ci su mutum ne. Cikin 1798 sojan Faransa suka shiga Rum, aka washe littattafan ɗakin ibadar Paparoma. Wani limami ɗan kasuwa, Luwiji Celoti, ya sami waɗansu, ya ga in an sayar da littafi ɗungum riba kaɗan ce, sai ya sa wuƙa ya yanke haruffan ado, ya kai su Landan aka yi gwanjonsu cikin 1825. Zamanin Napoliyon aka rufe gidajen ruhubanawa na Fulorans cikin 1808, kayansu suka watse. Littattafan Santa Mariya deli Anjeli, waɗanda aka adana hannuwan masu yinsu don girmamawa, su ma ba su tsira ba. Abin da ya rage yana ɗakin karatu na Lorenziyana a Fulorans da gurabun yanka a jikinsa, warƙoƙin Don Silbestro kuwa suna warwatse a Landan da Kambirij da New York da waɗansu wurare. Har cikin ƙarni na 20 ba a daina ba: wani malami a Kilibilan ta Amurka, Otto Ege, ya yi ta farke littattafan hannu yana sayarwa warƙa-warƙa, yana cewa don ilmi ya yaɗu ya ke yi.

Wanda ya ga irin wannan harafi rataye a bango cikin gilashi, ya ga abu mai kyau, amma in ya juya bayansa sai ya tarar da rabin layi da guntayen kalmomi. Ba mai iya rera shi. Masana a yau su kan ƙare shekaru suna karanta bayan guntayen, suna gwada hotunansu ta intanet, don su gane wane ya fito daga wane littafi, aikin da wuƙa ta ɓata cikin minti guda.

Shi kansa Fra Anjeliko bai kuɓuta duka ba. Babban allon da ya yi wa majami'ar San Marko an wargaza shi cikin ƙarni na 17, sassansa suna Munik da Faris da Dublin da Washinton. Cikin 2006 aka gano ƙananan sassa biyu rataye bayan ƙofa a gidan wata dattijuwa a Okasfod, aka sayar da su cikin 2007 a kan fam miliyan 1 da dubu 700. Amma littafi mai lamba 558 ya tsira a haɗe. Yana San Marko, wanda aka mai da shi gidan tarihi cikin 1869, tare da littattafan da Benedeto ya kwafa.

Namu fa?

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna da gadon magwafa. Tarihin Kano ya nuna zamanin Sarki Yakubu, daidai lokacin da Fra Anjeliko ya rasu, Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga. Cikin 1960 wani masani, Bivar, ya ba da bayanin wani Alƙur'ani na Barno mai tarihin 1669. Kowa ya san kyan rubutun Barno da na Kano, baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da rawaya, ga zayyana a farkon kowane rubu'i. Takardar da kakanninmu suka fi yin rubutu a kanta cikin ƙarni na 19, mai alamar jinjirin wata uku in an ɗaga ta ga haske, daga arewacin Italiya ta ke zuwa ta hanyar Tarabulus. Zinariyarmu ta tafi can, takardarsu ta zo nan.

Haɗarinmu kuwa ya fi nasu. Su nasu ɗinkakku ne, sai an sa wuƙa. Namu warƙoƙi ne sake cikin tadarishi da gafaka, abin da ke riƙe da jerinsu kalma ɗaya ce da magwafi ya rubuta a ƙasan shafi don ta nuna farkon na gaba. Iska ta isa ta watsa su, balle gara da ɗigar soro. Mun sha jin an raba littafi guda tsakanin magada, kowa ya tafi da ƙunshinsa don tabarruki, aka wayi gari babu mai littafi ko ɗaya.

Don haka muna roƙon malaman makaranta, duk wanda ya san gidan da ke da irin wannan gado, ya je da ladabi ya nemi izinin masu shi. A ƙirga warƙoƙin, a bi kalmomin ƙasan shafi a tabbatar jerin bai yanke ba. A rubuta sunan littafin, da sunan magwafi da shekara in ya sa su a ƙarshe. A ɗauke shi daga ƙasa, a nisanta shi daga danshi. In rabon gado ya zo, a yi wa littafi kuɗi ɗungum, ɗaya ya riƙe ya biya saura. Kada a sayar wa kowa warƙa ɗaya, kome kuɗin da ya taya. Nan Kaduna muna da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, muna da Gidan Arewa wanda aka kafa cikin 1970 a tsohon gidan Sardauna, inda a ke adana littattafan hannu. A nemi shawararsu.

Akawuna kuma, ku tuna da magatakardan nan na 1417. Bai san wanda ya ke rubuta sunansa zai zama wani abu ba. Ya dai sa wata, ya sa shekara, ya sa suna da sunan uba da sana'a da mai tsayawa, da hannu mai karantuwa, ya rufe rajista ya ajiye ta inda ta dace. Da ya yi ha'inci, da har yau duniya tana kan kuskure. Rasit ɗin da ka rubuta yau, da rajistar 'yan makaranta da ka cika, ba ka san wanda zai nemi gaskiya a cikinsu ba bayan babu kai.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.